"Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi": har da gala a ciki?

Ɗan Fagge: Jama'a, jiya rigima ta ɓarke a gidanmu. Ƙanena ya buga katin aure ya sa liyafar gala bayan ɗaurin aure. Kawu ya wurgar da katin, ya ce a zuri'armu ba a gala, kuma Sallah za ta wuce ta bar wawa da bashi. Wai wane ne wawan, angon ko mu da aka yanka wa gudummawa?

Malamin Turanci: Kawu ya fahimce ta ne irin ta Kano. A wurin Bature gala babbar liyafa ce ta manya, a ci ado, a ci abinci, sau da yawa don tara kuɗi. Met Gala ta New York tun 1948 ake yin ta, yanzu ranar Litinin ta farko a watan Mayu, kuɗin na gidan tarihi ne. Babu wanda ke fita da bashi.

Direban Legas: Malam, ni galar da na sani burodi ce mai nama a ciki, a leda take, ana cilla maka ta taga a cunkoso.

'Yar Damagaram: Mu nan da Faransanci muke jin ta, ta ministoci ce. Sai da na zo Kano na ji wai gidan gala inda 'yan mata ke rawa ana liƙi, Hisba na kai samame.

Jikar Inna: Ku bar Turancin nan. Kakata, Allah Ya jiƙanta, kullum sai ta ba mu labarin kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata a shekarun 1970. Kakanmu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aka zuba masa ariyas, ya rantse sunan ɗansa sai an ji shi har Zariya. Ya yanka sa, ya kira masu kalangu, maroƙa suka kwana suna wasa shi. Ita kuwa duk abin da ya ba ta na biki sai ta lallaɓa ta sayi 'yan awaki ta kai ƙauyensu. Wata bai ƙare ba mai yadi ya fara sallama. Kaka ya riƙa ɓuya a ɗakinta, ita ke cewa ya tafi Kafanchan. A cewarta wawan shi ne mai yadin da ya ba da bashi don ya ji ganga.

Ɗan Fagge: To ta biya masa?

Jikar Inna: Akuya ɗaya ta sayar, ta yi masa gori har ya rasu.

Baƙatsine: Inna ta fi wani gwamna lissafi. Shi galar cika shekara ya yi, albashi na bin watanni.

Malamin Turanci: Kada dai a kama suna.

Baƙatsine: Suna na me? Su suka yi Sallar, mu aka bari da bashin.

Direban Legas: Ɗan Fagge, in za a yi liyafar ka turo min kati. Shinkafa kawai zan ci, ba na rawa.