Muhawara: Wanda ba ya ƙera kayan motarsa da kansa, maƙeri ne ko mai haɗi?

Baba Makanike: Ni dai ina nan a kan bakana. Kamfanin da ke sayen gilashi nan, birki can, taya a wani wuri, haɗa mota yake yi, ba ƙera ta ba. Ku dubi masana'antar Ford ta River Rouge kusa da Detroit: a da, ɗanyen ƙarfe ke shiga, mota ta fito. Har gilashi da kansu suke yi a lokacin.

Injiniya: Baba, Allah ya huci zuciyarka, ai Ford ɗin ne ya buɗe gonar roba a Brazil a 1928 don kada ya saya a hannun kowa. Cuta ta lalata itatuwan, a 1945 aka sayar wa gwamnatin Brazil da asara. Sanin inji daban, noman roba daban. Toyota ta riƙe abin da ta fi ƙwarewa a kai, wato inji da tsarin haɗawa da sa ido kan inganci, ta bar sauran ga kamfanonin yin kayan mota irin su Denso da Aisin. Kaya na isowa daidai lokacin da za a ɗaura su.

Hajiya Mai Kayan Gyara: Wannan "daidai lokacin" ne ke tayar mini da hankali, Injiniya. Na taɓa yin wata biyu kwantenata na maƙale a tashar jirgin ruwa, mutum ya zo neman filogi, ina duban kanta wayam. A Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin mai yin wani ɗan bawul na birki, abin da bai fi tafin hannu ba, Toyota ta tsayar da aiki a Japan.

Injiniya: Haka ne Hajiya, amma ki ƙarasa labarin. Kamfanoni da yawa suka karɓi zanen bawul ɗin suka shiga yin sa, har da Brother mai keken ɗinki. Cikin kusan mako guda aka koma aiki. Wannan amanar da ke tsakaninsu ita ce ƙwarewar da nake nufi, kuma shekaru aka yi ana gina ta.

Ɗalibi: Iyayena, ku ba ni dama. BYD ta China da batir ta fara a 1995, kafin ta shiga mota, har yau ita ke yin batirinta. A motar lantarki batir ne zuciya, to nan maganar Baba ta fito.

Baba Makanike: Madalla ɗana! Ku tuna Kaduna. A 1975 aka fara haɗa Peugeot 504, mafi yawan kayan daga Faransa suke zuwa. Da kuɗin waje suka yi wuya a shekarun 1980, aiki ya ja baya, don zuciyar motar ba a hannunmu take ba.

Injiniya: Kan batir na sallama, Baba. Kan taya da gilashi kuwa, har gobe ban yarda ba.