Wai mece ce ma'anar bedlam, kuma daga ina ta fito?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Jiya a gidan kallo na ji mai sharhin ƙwallo ya ce filin ya zama bedlam da aka zura ƙwallo a mintin ƙarshe, na duba a waya na ga wai hargitsi, amma wlh kalmar ba ta min kama da Turanci ba. Masu ilimi a taimaka, kuma zan iya sa ta a jarabawa in ina maganar juyin mulki?

Anti Malama:
Wa alaikumus salam ƙanina. Asalinta sunan wuri ne. A 1247 aka kafa wani gidan ibadar Kirista a Landan mai suna Bethlehem, wato Baitalami, daga baya ya koma asibiti, zuwa wajen 1400 har an fara kwantar da masu taɓin hankali a ciki, sai bakin mutanen gari ya tauna sunan ya koma Bedlam, kamar dai yadda Abdullahi ya koma Audu a wurinmu. Ihun da ake jiyowa daga ciki shi ya sa duk inda ya kaure da hayaniya sai su kira shi haka.

Amma kar ka sa ta a juyin mulki, maki za ka zubar. Can upheaval ake cewa, abin da ya birkita ƙasa gaba ɗaya ya daɗe. Ita bedlam tashar mota ce ran jajibirin sallah, kowa na magana ba mai jin wani.

Baban Ilham:
Abin da ya fi ci min rai a tarihin nan, mutane har kuɗi suke bayarwa su shiga kallon marasa lafiyar kamar gidan zu, sai 1770 aka hana. Asibitin fa har yau yana aiki, Bethlem Royal, tun 1930 aka mayar da shi inda yake yanzu a kudancin Landan.

Na Kurna:
Ai mu ma haka muke yi hhh, a Kano ka yi shirme a ce a kai ka Dawanau, Sakkwatawa su ce Kware. Sai dai mu ba ta koma ma'anar hayaniya ba, in ka ce wuri ya zama Dawanau wani zai ɗauka kasuwar hatsi kake nufi ya tambaye ka nawa buhun masara.

Ɗan Fagge:
Na gode Anti, Allah ya ƙara basira. Saura kaɗan in rubuta ta a kan juyin mulkin 1966.