Ƙari a Gidan Ƙwai, Ciwo a Kai: Mu Yarda a Yi Mata Aiki?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Ƙanwata ce, shekarunta 23, an sa ranar bikinta bayan Babbar Sallah. Da zazzaɓi da ciwon kai abin ya fara, muka ɗauka maleriya ce. Daga nan barci ya ƙaurace mata, tana surutai, wai ana kiranta daga bayan katanga. Yarinyar da ko murya ba ta ɗagawa, ranar nan tabarya ta ɗauka ta bi Umma. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, dangin Baba na cewa hannu aka sa mata saboda auren. Sai da ta fara faɗuwa tana jijjiga, bakinta na motsi ba ta cin komai, magana ta ɗauke, muka kai ta asibitin koyarwa. Sun ɗebi ruwa a gadon bayanta, sun yi hoton ciki, suka ce ƙari ne a gidan ƙwanta na dama ya jawo, a cire shi. Umma ta ce atafau, ba za a kashe wa ƴarta haihuwa ba. Ni kaina ban gane ba, me ya haɗa mara da kai?

Wata likita: Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya ba ta lafiya. Bayaninki ya yi daidai da kumburin ƙwaƙwalwa na NMDA, wato wanda garkuwar jiki ke kai wa wasu ƙofofin karɓar saƙo na ƙwaƙwalwa hari. Wannan ƙarin teratoma ake ce masa, idan aka tsaga shi akan tarar da gashi, kitse, wani lokaci har haƙori, kuma yakan ƙunshi tsokar jijiya irin ta ƙwaƙwalwa. Garkuwar jiki ta ga jijiya a inda ba muhallinta ba, sai ta haɗa sojoji don yaƙarta, su kuma ba sa bambancewa, su haura su auka wa ƙwaƙwalwar kanta. Dakta Josep Dalmau ya bayyana cutar a Amurka a 2007. Kusan rabin manyan mata masu ita ana samun ƙarin a jikinsu. A binciken 2013 kan majinyata 577, kusan kashi 80 cikin 100 sun warware sosai cikin shekara biyu, kuma waɗanda aka fara wa magani da wuri sun fi dacewa. Yawancin teratoma ba kansa ba ne, amma sai an auna abin da aka ciro za a tabbatar. Ku gaya wa Umma sau da yawa ƙarin kaɗai ake ɓarewa, ko da an cire gidan ƙwai ɗaya ma, na hagun ya isa haihuwa. Jinkirin ne abin tsoro, don ciwon yakan taɓa numfashi.

Wani ɗan uwa: Mahaifinmu irin wannan ya gani ta wata fuskar. Ƙafafu suka yi nauyi, tashi daga sujada sai an kama shi, baki kullum a bushe. Lambert-Eaton suka ce, ciwon da garkuwar jiki ke auka wa jijiyoyin da ke motsa tsoka, suka matsa a duba huhunsa don ya daɗe yana shan taba. Ashe kansa ce, ko tari bai fara ba.

Wata Hajiya: Ƴata, ke Umma ba za ta ji taki ba. Ki nemo kawunku, ku shiga wurin likitan tare da ita ta ji da kunnenta. Addu'a kuma a ci gaba, hayaƙin dai a bari. Dangin ango fa, kada su tsinci labarin a bakin maƙwabta.

Wata ƴar uwa: Hajiya ni dai da a bari ta farfaɗo tukuna kafin a gaya wa dangin ango. Suka ji kalmar tabin hankali, an gama.

Mai tambaya: Na gode. Sun ce gwajin sojojin garkuwar sai an tura shi waje, zai ɗauki makonni. Mu jira sakamako?

Likitar: A'a, ba a jira. Idan alamu sun nuna, ana fara allurar siteroyid da IVIG (magungunan lafar da garkuwar jiki), a yi aikin, in ba ta samu sauƙi ba a koma rituximab, maganin da ke rage ƙwayoyin da ke haɗa sojojin. Bikin kam ku ɗaga shi, sauƙin watanni yake ɗauka, matsalar mantuwa ce takan zama ta ƙarshen barinta.