Sati uku na kasa yin addu'a, dan Allah ku ba ni shawara

Maman Tagwaye:
Salama 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika mini ciki. Yau sati uku ke nan rabona da addu'a ta kirki. In na durƙusa sai bakina ya yi nauyi, ko Addu'ar Ubangiji na ɗauko ina zuwa wajen "a tsarkake sunanka" sai in tsaya cak, in tashi in kama shara.

Ni ce ma'ajin zumuntar mata a ikilisiyarmu, shekara huɗu ke nan, kuma Allah ya sani ban nema ba, ranar zaɓen ma ina bayan coci ina dafa wa baƙi shinkafa aka aiko yarinya ta kira ni, wadda ta riƙe kafin ni ta koma Jos wurin ɗanta, mu biyu aka tsayar kuma ɗayar har yau gaisuwarmu sama-sama ce, littafin da aka miƙa mini duk ruwa ya ɓata shi ni na sayi sabo da kuɗina ban taɓa cewa a biya ni ba. To a watan Yuni wata matsala ta taso a gida na taɓa kuɗin anko da muke tarawa. Na mayar da wani abu, sauran in an girbe masara zan cike.

Da ina addu'ata lafiya lau. Sai aka yi mana taron farkawa, baƙon fasto ya yi wa'azi a kan Ishaya 6, yadda annabi ya ga Ubangiji a kan kursiyi, serafim masu fikafikai shida, biyu sun rufe fuska biyu sun rufe ƙafa biyu suna tashi da su suna kiran mai tsarki, mai tsarki, mai tsarki. Ya ce mala'ikun da ba su taɓa zunubi ba sun rufe fuska, ke da wace fuska kike zuwa? Wallahi ji na yi kamar ni yake kallo. Yanzu ga jibin Ubangiji, cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, ran Lahadi mai zuwa, ran Talata kuma ni ce da addu'ar buɗewa a zumunta. Allah zai ji ni a haka, ko in dakata sai na biya?

Baba Dattijo:
'Yata, da farko ki daina cewa wallahi, Matiyu 5:34 ya hana mu rantsuwa. Na biyu, wannan nauyin bakin alheri ne, Ruhu Mai Tsarki ne ya kama ki. Zabura 66:18 ta ce in na riƙe mugunta a zuciyata Ubangiji ba zai ji ba, magana ta ƙare. Kin san wane ne sarkin da ya mutu a shekarar da Ishaya ya ga wahayin nan? Uzziya. Shekara 52 yana sarauta, ya shiga Haikali zai ƙona turare, firistoci 80 suka tare shi bai ji ba, nan take kuturta ta fito masa a goshi, da ita ya mutu. Ki duba 2 Tarihi 26. Nadab da Abihu 'ya'yan Haruna ne na cikinsa, wuta ta cinye su a Littafin Firistoci 10. Uzza hannu kawai ya kai don kar akwatin alkawari ya faɗi, nan take ya mutu. Allahn nan bai canja ba, mu ne muka mai da shi abokin wasa. Ki je ki faɗa wa shugabar zumunta da fasto kafin Lahadi, kar ki kusanci teburin jibi.

Rahila K.:
Mama nawa ne kuɗin, nawa ya rage? Kuma maigida ya sani?

Maman Tagwaye:
Baba na gode, amma ni ba sata na yi ba fa, rance ne, a bayan littafin na rubuta da kwanan wata. Uzza ai ba kuɗin anko ya taɓa ba. Kuma shugabarmu in ta ji abu da safe kafin yamma ya kai kasuwa.

Malamin Lahadi:
Baba Dattijo da girmamawa, a ƙarasa karanta surar mana. Ishaya ya ce kaitona, ni mai ƙazamin baki ne, daga nan me ya faru? Ba a ce ya fita ya je ya gyara kansa ya dawo ba. Ɗaya daga cikin serafim ɗin ne ya ɗauko garwashi daga bagade ya taɓa bakinsa aka ce an kawar da laifinka. A gaban Allah aka tsarkake shi, yana tsaye a wurin. In sai mun tsarkaka za mu yi addu'a to wa zai tsarkake mu? Da can babban firist kaɗai ke shiga Wuri Mafi Tsarki, sau ɗaya a shekara, da jini. Ranar da Yesu ya mutu labulen da ya kare wurin ya tsage daga sama har ƙasa, Matiyu 27:51, shi ya sa Ibraniyawa 4:16 ta ce mu matso gaban kursiyin alheri gabagaɗi mu sami jinƙai. Mai karɓar haraji a Luka 18 ko ɗaga ido bai iya ba, jimla ɗaya ya yi ya koma gida baratacce. Mama ki yi addu'a daren nan, ko da "ya Allah ka ji tausayina" ne kawai. Maganar kuɗin kuma ki fara faɗa masa ita da sunanta.

Baba Dattijo:
Malam irin koyarwarku ce ta cika coci da marasa tsoron Allah. Ibraniyawan da ka ɗauko, je ka sura 12 aya 29, Allahnmu wuta ne mai cinyewa, a Sabon Alkawari ne wannan ba Tsoho ba. Hananiya da matarsa Safiratu, da suka sayar da gona suka ɓoye wani kashi na kuɗin, bayan labule ya tsage suka faɗi matattu, kuma a kan kuɗi ne. Yesu da bakinsa ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Mata nawa ne suka zuba kuɗin nan? Dukansu suna da magana game da ita, ba su sani ba ne kawai.

Uwar Marayu:
Hmm. Ni dai in ta ji tawa kar ta kai kanta. Shekara shida da suka wuce 'yata ta yi ciki, ni da bakina na je na faɗa wa dattawa saboda tsoron Allah, aka sa ta horo wata shida a bencin baya, ni ma aka cire ni daga mawaƙa wai ban iya tarbiyya ba. Yaron da ya yi cikin ɗan wani mai kuɗi ne, shi ya sayi janareto na cocin, ko sati ɗaya bai zauna a baya ba, aka tura shi makaranta Zariya. Har yau in na ga dattijon nan yana raba jibi sai zuciyata ta yi baƙi. Tsarkin Allah gaskiya ne amma a kan talaka kawai ake wa'azinsa.

Baba Dattijo:
Laifin dattawanku bai soke Maganar Allah ba, Mama.

Uwar Marayu:
Ai dama haka za ka ce, ku ne.

Ɗan'uwa Sabo:
Ni a gidan Musulmi na tashi, shekarata 11 da karɓar Yesu. Farko-farko bana iya addu'a sai na wanke hannu da fuska da ƙafa, jikina ya saba da alwala, in ban yi ba sai in ji kamar na shiga fadar sarki da takalmi. Wanda ya yi mini almajiranci bai hana ni ba, ya ce Musa ma an ce ya tuɓe takalmi, amma in tuna ruwa iyakarsa fata. Gaskiya abin da ya ba ni mamaki a coci shi ne yadda wasu ke addu'a hannu a aljihu suna taunar cingam. To Mama tsoron da kike ji ni ban ga laifinsa ba. Amma Dawuda ma da Uzza ya mutu tsoro ya kama shi ya ajiye akwatin a gidan Obed-edom wata uku, da ya ji albarkar da gidan ya samu ai komawa ya yi ya ɗauko. Sati uku ya isa haka.

Sista Hannatu:
Ki yi azumi kwana uku ba ci ba sha, ki karanta Zabura 51 da ƙarfe 12 na dare, ruhun tsoro ne aka turo miki, wataƙila ma matar nan da kuka tsaya zaɓe ce. Akwai dutsen addu'a da muke zuwa duk Juma'a, ki yi mini magana ta gefe.

Malamin Lahadi:
Sista dan Allah kar a jawo matar mutane cikin wannan. Baba kuma, Bitrus ya faɗa wa Hananiya gonar tasa ce kuɗin ma nasa ne, ƙaryar da ya yi wa Ruhu Mai Tsarki ce ta kashe shi. Ban ce kar ta biya ba. Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu, amma sai da Yesu ya riga ya shiga gidansa. Jere nake magana a kai, wanne ke gaba.

Baba Dattijo:
Madalla, ka kawo kanka. Ran Talata in sakatariya ta ce ma'aji nawa ke asusu, me za ta ce? In ta faɗi cikakken adadi ba ƙaryar Safiratu ke nan ba? Ni shekara 23 ina dattijo, na ga irin wannan ya fi sau goma, duk da rance yake farawa.

Maman Tagwaye:
Ba a karanta rahoton kuɗi sai ƙarshen wata uku, kuma ba wanda ya tambaye ni balle in yi ƙarya. Ku ba ku san halin da na shiga a watan Yunin nan ba, da kun sani da ba ku kwatanta ni da Safiratu ba. Shekara huɗu ko naira biyar ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, kuɗin mota zuwa taron gunduma ma da nawa nake zuwa. Azumi kuma ina da olsa. Malam na gwada abin da ka ce jiya da dare, na ce ka ji tausayina, sai kuka, ban san ko wannan addu'a ba ce.

Malamin Lahadi:
Addu'a ce Mama, Romawa 8:26 ta ce in ba mu san yadda za mu yi addu'a ba Ruhu yakan yi mana roƙo da nishe-nishe.

Baba Dattijo:
Isuwa ma ya yi kuka da ya rasa albarkar mahaifinsa, kukan bai dawo masa da ita ba.

Rahila K.:
Har yanzu dai ba ki ce ko maigida ya sani ba. In kuɗin ba su da yawa ai sai a rufa miki asiri a nan, kowa ya kawo abin da ya samu ki mayar kafin Lahadi.

Maman Tagwaye:
A'a ƙanwata na gode, ban zo roƙo ba, masara ta kusa. Maganar maigida a bar ta. Ran Talata zan ce muryata ta dushe wata ta yi addu'ar, jibin kuma ban sani ba tukuna, in na zauna ban tashi ba matar nan za ta lura, a layi ɗaya muke zama.

Baba Dattijo:
Murya ta dushe. Ga ƙarya ta farko nan tun Talata ba ta zo ba.

Uwar Marayu:
Ka ƙyale ta haka Baba haba. Maman Tagwaye ankon naku nawa aka ce muku turmi, mu namu an ce sai mun ƙara dubu biyu.