Ciwon wuya da ƙugu a wurin teloli: sanyi ne ko aiki?

Tela, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Shekarata 14 ina ɗinki, kuma tun azumin da ya wuce, lokacin da muke kwana a kan keke saboda kayan Sallah, wuyana da kafaɗata ta dama da ƙuguna suka hana ni sakat. Idan zan tashi alwalar La'asar, sai na dafa teburin keken kafin bayana ya miƙe. Mahaifiyata ta ce sanyi ne ya shige ni, ni kuwa kullum sai na sayi diclofenac a kemis. Shin sanyin ne, ko aikin ne yake cin jikina?

Mai aikin hannu, cikin Birni:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Mu da muke zaune a zaure muna yi wa manyan riguna aska takwas, kai a sunkuye tun hantsi har Azahar, mun daɗe da sanin wannan ciwo. Ka fara duba bencin da kake zama a kai, domin idan ya yi ƙasa da yawa kuma ba shi da majingina, dole ka ranƙwafa, musamman da dare idan hasken shago bai wadata ba.

Ma'aikaciyar lafiya, Samaru:
Malam, sanyi yakan tsananta ciwon, amma abin da ka kwatanta ya fi kama da gajiyar tsoka da jijiya da ke zuwa daga daɗewa a zama ɗaya, da maimaita motsi iri ɗaya, da ƙarancin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, kuma yanayin aiki yana cikin manyan dalilansa. Abin da ya fi damuna shi ne maganin nan, domin shan diclofenac kullum yana iya jawo gyambon ciki da lahani ga ƙoda, alhali raɗaɗin kawai yake ɓoyewa. Ka riƙa tashi kana miƙa jiki duk bayan rabin sa'a. Idan kuwa ciwon ya fara sauka ƙafa da mutuwar jiki, ko ya zo da zazzaɓi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ka tafi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ba tare da jinkiri ba.

Tela, Tudun Wada:
Na gode, Yaya. Ƙafata ba ta mutuwa, amma yatsun hannun dama sukan yi mini tsami da asuba, saboda haka zan je a duba ni ranar Litinin, kuma na riga na yi wa kafinta maganar kujera mai majingina.