Adafta, Mahaɗi ko Bakin Aro?

Jama'a, ku zo mu tsayar da suna ɗaya ga ɗan abin nan da ake tararwa maƙale a bakin rumbun ajiyar tsohuwar laftof.

Ka ciro rumbu mai inci 2.5 za ka sa shi a akwatin USB, wato akwatin da ake sa rumbu a ciki don a jona shi da kwamfuta ta waje, ka kwance sukurorin ƙarfen da ke riƙe da shi, ka zo turawa ya ƙi shiga. Ka duba bakinsa, babu haƙora, wato siraran ƙarafan da ke shiga soket, sai wata siririyar baƙar roba. A nan ne da yawa ke ɗora wa akwatin laifi, alhali lafiyarsa ƙalau. Rumbun IDE, wato tsohon samfurin rumbun laftof, shi ne mai haƙora 44 a layi biyu, amma Dell da HP da Compaq sun riƙa sa musu wannan roba don su zauna daidai a soket ɗin na'urorinsu. Ko da SATA, samfurin da ya gaji IDE, ta shigo a 2003, wasu HP Pavilion ba su daina ba.

Wani ɗan'uwa ya ce a bar shi a adafta. To ai adafta ta yi wa sunan yawa. Ka ce wa yaro ya cire adafta, caja zai zare maka daga bango.

Wata malama ta kawo mahaɗi. Hausa ce tsantsa, sai dai kowace waya da kowane soket mahaɗi ne. Mai cewa takunkumi ya ba ni dariya, amma Malam, takunkumi rufe baki yake yi, wannan kuwa da shi rumbun ke magana da laftof.

Ni dai na tsaya a kan bakin aro. Rumbun yana da nasa bakin a ƙasa, an ara masa wani ne kawai, kuma duk wanda ya ji sunan ya san abin cirewa ne. Ba a manne yake ba. Riƙe gefe da gefe ka ja a miƙe, in ya yi tauri ka ɗaga da siririn sukurudireba, kaɗan nan kaɗan can. Kada ka murɗa, don tazarar haƙoran milimita 2 ce, nan da nan suke lanƙwashewa. Haƙora huɗun da ke ware a gefe na jampa ne, wato ɗan abin da ake saita rumbun da shi, ba sa shiga soket.

Kuma kada a yar da bakin aron. Ranar mayar da rumbun cikin laftof ɗinsa, ba zai shiga ba sai da shi.