Wai mai sitar ɗin nan gyaran tsirkiya yake yi ko kiɗan ke nan?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah ina da tambaya amma kar a min dariya. Jiya wani abokina a kasuwa ya tura min kiɗan Ravi Shankar, mai kaɗa sitar wato wani irin molon Indiya, a waya, na ce bari in ji tunda ni tun ina yaro nake bin fim ɗin Indiya, bayan isha'i an ɗauke wuta na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kunna. Wallahi kusan minti ashirin mutumin nan yana ta jan tsirkiya ɗaya a hankali, ba ganga ba waƙa, har na zaci abin ne bai sauka daidai ba. Sai can ganga ta shigo. A jiki an rubuta raga Yaman. Sunan waƙar ne ko me?

Malam na Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba gyara yake ba, kiɗan ke nan, sunan wurin alap. Raga ba waƙa ba ce, ka ɗauke ta kamar take, da mai algaita ya busa ka san na wane sarki ne tun kafin maroƙi ya buɗe baki. Sautukan kiɗan Indiya bakwai ne, sa re ga ma pa dha ni, kowace raga da waɗanda take ɗauka da yadda ake hawa da saukowa, sauran kuma makaɗi ne ke ƙirƙira nan take a zaune, shi ya sa in ya kaɗa Yaman yau ya sake gobe ba za su zo ɗaya ba. Bayan alap sai jor inda kiɗan ke fara tafiya da bugu, sai jhala inda hannu ke gudu, sannan mai tabla, gangar nan da ka ji, ya shigo, galibi da tintal wato zagayen kiɗa mai bugu 16. Kuma ka yi sa'a don Yaman ta farkon dare ce, Bhairav ta asuba, Malhar ta damina. Har suna da labarin wai Tansen mawaƙin fadar sarki Akbar in ya rera Malhar sai ruwa ya sauko, da muna da irinsa a Marwa a watan Afrilu ai da mun huta.

Kafinta Kuseri:
Ni jikin sitar ɗin ne ya ɗauke min hankali. Gindinsa duma ne fa, irin namu na garaya sai dai ya fi girma. Tsirkiya wajen 18 zuwa 20 amma shida ko bakwai kawai ake taɓawa, sauran suna kwance a ƙasa suna amsawa da kansu in sautinsu ya zo, shi kuma zzzz ɗin da kake ji kamar ƙudan zuma daga jakin da tsirkiyoyin ke hawa kai yake fitowa. Kukan nan kuma da yake yi kamar mutum, tsirkiyar yake ja gefe da yatsa, suna ce masa mind. Na gwada a molon wani yaro a unguwarmu na tsinka masa, sai da na biya.

Maman Ummi Njamena:
Ku dai faɗi gaskiya, barci yake sawa. Ni in ba rawa ba ruwan sama ba jaruma ta ɓuya bayan bishiya to ba Indiya ba ne. Maigidana ya taɓa kunnawa a mota za mu Kuseri, kafin mu hau gada na ce Alhaji ko ka canza ko in sauka.

Malam na Marwa:
Hajiya ai shi Ravi Shankar ɗin daga 1938 zuwa 1944 yana zaune gaban malaminsa Allauddin Khan a Maihar, ke minti goma kin gaza. Ɗan Garwa in ka gama da shi nemi Vilayat Khan, ni a kunnena hannunsa ya fi daɗi, sitar ɗinsa kamar waƙa take yi.

Ɗan Garwa:
Na gode Malam. Yau ma ba wuta, zan sake daga farko ba tsallakewa. Bhairav ɗin ce dai sai in na samu caji kafin asuba.